Bayan Ruwa Ya Janye: Tarihin Agajin Ambaliya a Wadata, 2012 zuwa 2022



Yaran da aka haifa a shekarar babban ruwa, wato 2012, yau sun shiga sakandare. Labarin kawai suke ji a bakin manya, sai kuma layin da ruwa ya bari a jikin bangon gidajen da ba a sake shafewa ba. Shi ya sa muka ga ya dace a rubuta tarihin tun masu shaida suna raye. Yadda ruwan ya tashi kowa ya sani. Abin da za mu bi a nan shi ne taimakon da ya biyo baya: wa ya kawo, yaushe ya iso, wa ya samu, wa aka tsallake, kuma da me mutane suka miƙe bayan an rufe sansani.

Daga 2012 zuwa 2022, sau uku ruwa ya yi mana babbar ɓarna a Makurɗi. Duk wanda ya jera ukun nan zai ga abu ɗaya yana maimaita kansa. Agajin da ke zuwa daga waje yana riƙe mutum na 'yan makonni, kuma sunan da ke rubuce a takarda yake bi. Mayar da jari da tayar da ɗakin da ya faɗi kuwa, kullum a hannun unguwa suke ƙarewa.

Abin da ya zaunar da mu a bakin kogi

Kogin nan shi ya kawo kakanninmu. Binuwai ya taso ne daga tsaunukan Adamawa na ƙasar Kamaru, ya bi ta Garwa, Yola, Numan da Ibi, ya raba Makurɗi gida biyu, sannan ya je ya haɗu da Kwara a Lakwaja. Tsawonsa ya kai wajen kilomita 1,400. A kan hanya, kogunan Faro, Gongola, Taraba, Donga da Katsina-Ala duk a cikinsa suke zubewa. Ke nan ruwan saman da ya sauka a ƙasa mai faɗin gaske, ta ƙofar gidanmu yake wucewa, kuma a watannin Satumba da Oktoba kogin ke kai ƙarshen cikarsa.

A zamanin Turawa, jiragen ruwa na kamfanoni irin su John Holt sukan hawo da damina, su sauke gishiri da yadi, su ɗauki riɗi. Layin dogo daga Fatakwal ya iso a shekarun 1920, garin ya zama hedikwatar lardin Binuwai a 1927, aka buɗe tsohuwar gada a 1932. Fatake, mahauta, 'yan goro, malamai da leburori suka sauka kusa da inda jirgi ke tsayawa, tare da Jukunawa masunta da Nufawa, a tsakiyar ƙasar Tibi. Da aka ƙirƙiro jihar Binuwai a 1976, Makurɗi ta zama babban birni, jama'a suka ƙaru, fili ya yi tsada. Sai gini ya fara gangarawa fadamar da mutanen da suke bar wa shinkafa da ruwan damina.

Tun a wancan zamanin ruwa yakan shiga gidaje, kuma akwai yadda ake yi. Baƙo a wurin maigida yake sauka, maigidan ne ke tsaya masa a kasuwa da gaban hukuma. In ruwa ya ci gida, sai a kwashe iyali zuwa gidan dangi a tudu, a yi yekuwa a masallaci, ran Juma'a a tara abin da ya sawwaƙa, bayan damina a yi gayya a tayar da bango. Sarkin Hausawa da masu unguwa su ke sa ido. Tsarin ya yi aiki domin unguwa ƙarama ce, kowa an san fuskarsa da ta ubansa. Babu mai buƙatar a rubuta sunansa kafin a tuna da shi.

Hukumomin agaji daga baya suka zo. Bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1970, gwamnatin soja ta kafa hukumar agaji ta ƙasa mai suna NERA a 1976, aikinta tara kayan tallafi da raba su. A 1999 aka maye gurbinta da NEMA, aka kuma nemi kowace jiha ta kafa tata, wato SEMA. A 2010 aka yi dokar kafa NIHSA, hukumar da ke auna tashin koguna. Ƙungiyar Red Cross kuwa ta riga su duka, tun 1960 doka ta amince da ita a Nijeriya.

Akwai kuma maganar madatsar ruwa. Tsakanin 1977 da 1982 Kamaru ta gina madatsar Lagdo a kan Binuwai, sama da garin Garwa, don wutar lantarki da noman rani. In ta cika, dole a buɗe ƙofofinta, in ba haka ba ta fashe. Nijeriya ta tsara gina tata a Dasin Hausa, cikin ƙaramar hukumar Fufore ta jihar Adamawa, don ta tare abin da aka sako. Sama da shekara 40 ke nan, madatsar Dasin Hausa ba ta tsaya ba.

2012: shekarar babban ruwa

Tsakanin Ƙaramar Sallah da Babba abin ya faru. Damina ta yi ƙarfi, Kamaru ta saki ruwan Lagdo, a watan Satumba kogi ya haura gaɓa. Abin da ya ruɗi mutane shi ne, wani lokacin rana na haskawa tas, ruwa kuma na tafiya a hankali kamar mai sanɗa. Da safe yana bayan gida, da la'asar yana tsakar gida, washegari ya kai taga. Gefen kogi na Wadata da wajen injinan shinkafa, Wurukum, Gyado Villa, Kucha Utebe da sassan North Bank duk sun sha.

Taimakon farko daga cikin gari ya fito. Masunta da masu haƙar yashi suka shigo lunguna da kwale-kwale, suna ɗaukar tsofaffi, masu jego da yara. Ba su tambayi kowa ƙabilarsa ko addininsa ba, kuma wannan bashi ne a kanmu da ya kamata 'ya'yanmu su sani. Samari da 'yan agajin masallatanmu, na ɗariƙa da na Izala, suka yi ta jidar katifu da buhuna a ka. Aka buɗe makarantun Islamiyya da zaurukan masu hali. Mata suka ɗora manyan tukwane, gida ɗaya ya ciyar da gida uku.

Bayan kwanaki gwamnati ta buɗe sansanoni a makarantun firamare na cikin gari. Motocin NEMA da SEMA da Red Cross suka fara zuwa, haka coci-coci da ƙungiyoyin Musulmi da 'yan siyasa. An kawo shinkafa, masara, garin kwaki, manja, taliya, katifa, bargo, bokiti, sabulu da gidan sauro. An kafa wurin duba marasa lafiya. Wanda ya kwana a aji a lokacin ya san cewa kayan nan sun tare yunwa, kuma mai godiya ba ya musun haka.

A ƙasa baki ɗaya, NEMA ta ce mutum 363 suka rasu, sama da miliyan 2 da dubu 100 suka rasa matsuguni, kuma ruwan ya taɓa jihohi 30 cikin 36. Ranar 9 ga Oktoba, Shugaba Goodluck Jonathan ya sanar da ware naira biliyan 17.6, biliyan 13.3 ga jihohi, biliyan 4.3 ga hukumomin tarayya. An kasa jihohi rukuni huɗu bisa girman ɓarna. Binuwai ta faɗo a rukunin farko tare da Kogi, Adamawa, Filato, Anambra, Delta, Bayelsa da Oyo, kowacce naira miliyan 500. Ya kuma kafa kwamitin tara tallafi ƙarƙashin Alhaji Aliko Ɗangote da lauya Olisa Agbakoba.

Kuɗin da daɗin ji a rediyo, amma mu 'yan kasuwa ne, bari mu yi lissafi. In aka raba biliyan 17.6 ga mutum miliyan 2 da dubu 100, kowa zai tashi da abin da bai kai naira 8,500 ba. Ƙididdigar da gwamnati ta yi tare da Bankin Duniya da sauran abokan hulɗa ta ƙiyasta asarar da naira tiriliyan 2.6. Wato abin da aka ware bai kai kobo ɗaya a cikin kowace naira da ta salwanta ba. Ko da ba a taɓa ko sisi a hanya ba, kuɗin ba zai mayar da shago ko gida ba. Wannan lissafin ya kamata ya zauna a kan kowa, domin har yau akwai masu jiran ranar da za a biya su abin da ruwa ya ci.

Waɗanda takarda ta tsallake

Babban darasin 2012 yana wurin rubuta sunaye. A sansani ake rubutawa, wanda ya kwana a nan shi ake ƙirgawa. Mutanenmu da yawa kuwa ba su je sansani ba. Magidanci ba zai kai matansa su kwana aji ɗaya da mazan da ba su sani ba. Wani kunya ce ta hana shi. Wani kuma ya tsaya kusa da shago yana gadin abin da ya rage. Suka rarrabu a gidajen dangi da na abokan arziki. A idon masu rabo, waɗannan ba su cikin waɗanda abin ya shafa. Maigidan da ya sauke mutum ashirin na wata guda, shi ma babu layin da za a rubuta shi, alhali rumbunsa ne ya zama sansani.

Da aka zo duba gidajen da suka lalace, sunan mai gini aka ɗauka. A unguwa irin tamu kuwa, gida ɗaya yakan ɗauki 'yan haya shida ko takwas. Gado, katifa, kwanuka da hatsin da suka lalace nasu ne, amma takarda mutum ɗaya ta sani. 'Yan ci-rani masu kwana a shago, masu turin baro, masu ga-ruwa da almajirai, su ko adireshi ba su da shi.

Sai iyayenmu mata. Jarin mace a ɗakinta yake: keken ɗinki, injin markaɗe, buhun gyaɗar ƙuli-ƙuli, awaki biyu, kayan ɗakin da ta yi shekaru tana tara wa 'yarta. Duk cikin tambayoyin masu ƙididdiga babu wadda ta dace da irin wannan asarar, kuma mazan da suka zo rubutu ba sa wuce zaure. Gwauruwar da ke riƙe da marayu da sana'ar cikin gida ita ta fi kowa rasawa, ita ce kuma aka fi mantawa da ita.

Ba lallai sai da mugun nufi irin wannan ke faruwa ba. Ma'aikacin da aka turo daga ofis bai san lungunanmu ba, kwana biyu aka ba shi, abin da aka nuna masa shi zai rubuta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A lokacin babu wani littafi a hannun unguwa da za a miƙa masa a ce ga mutanenmu, ga abin da kowa ya rasa.

Da me aka miƙe?

Da ruwa ya fara janyewa, aka matsa a rufe sansanoni don yara su koma karatu. Motocin agaji suka ragu, 'yan jarida suka tafi. A nan wahalar gaske ta soma. Laka har gwiwa a ɗaki. Rijiyoyi sun haɗe da ruwan masai. Zazzaɓin sauro da gudawa suka kama yara. Macizai sun shige cikin tarkace. Bangon ƙasa da ya jiƙa ya yi ta faɗuwa makonni bayan masu ƙididdiga sun wuce. Babbar Sallah ta zo ranar 26 ga Oktoba, gidaje da dama naman da maƙwabta suka aiko shi ne layyarsu.

In muka tambayi waɗanda suka farfaɗo, amsoshinsu kusan iri ɗaya ne. Uban gida a Kano ko Anaca ya sake ba da kaya bashi, ya ce a biya in an sayar. 'Yan adashi sun sauya layi, suka ba wanda ruwa ya ci kwasar farko. Wani dillali ya yafe tsohon bashi, wani ya jinkirta. Dangi daga gida sun aiko da buhun gero ko masara a motar shanu. Magina da kafintoci sun yi aiki a kan rabin kuɗi. Wasu attajirai sun karkatar da zakkarsu ta shekarar ga waɗanda bashi ya danne. Mai gidan haya ya ɗaga wa ɗan haya ƙafa wata uku. Tsohon tsarin kakanni ne dai ya sake ɗaukar kayan.

Sai dai tsarin yana da rami. Mai uban gida shi ake tsaya wa, mai dangi shi ake aiko wa. Unguwa ta girma, yanzu ba kowa ne aka san fuskarsa ba. Akwai waɗanda suka tattara suka koma garuruwansu shiru, ba mai labari sai da aka ga ɗaki a kulle. Akwai 'yan matan da aurensu ya ja baya shekara biyu. Akwai yaran da suka bar makaranta suka shiga talla, ba su koma ba. Waɗannan hukuma ta tsallake su, zumunci ma bai kai kansu ba.

2017: ruwan da ya zo da dare

Bayan 2012 an samu sauyi ɗaya mai amfani. Daga 2013 NIHSA ta fara fitar da hasashen ambaliya na shekara-shekara, tana ambaton jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Amma ruwan 2017 ta wata ƙofa ya shigo. A ƙarshen Agusta, kwanaki kaɗan kafin Babbar Sallah da aka yi ranar 1 ga Satumba, aka tafka ruwan sama mai yawa. Magudanai sun toshe da shara, an yi gini a kan hanyar rafuka, ruwa ya rasa inda zai bi ya shiga kogi. Achusa, Idye, Wurukum, Gyado Villa da kasuwarmu ta Wadata duk sun sha, har gidan Rediyon Binuwai bai tsira ba. Hukumar agaji ta jiha ta ce sama da mutum 100,000 abin ya raba da gidajensu.

Wannan karon labari ya bazu da sauri saboda waya da Facebook. An buɗe sansani a sabuwar kasuwar nan ta International Market, Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya zo da kansa a farkon Satumba, kamfanoni da ɗaiɗaikun mutane suka aiko da kaya. Agaji ya fi na 2012 saurin isowa. Amma rubutun suna a sansani aka sake yinsa, waɗanda aka tsallake a da su aka sake tsallakewa.

Ruwan 2012 ya ba mutane kwanaki su kwashe kaya. Na 2017 a cikin barci ya same su. Teloli sun rasa ɗinkin Sallah na mutane, masu hatsi sun rasa buhunan da ke ƙasa. Abin da ya fi daɗewa yana ciwo shi ne takardu: shaidar filaye, sakamakon jarrabawa, katin zaɓe, littafin bashi. Ɗan kasuwar da littafin bashinsa ya jiƙe, sai wanda ya ji tsoron Allah ya biya shi.

2022: gargaɗi ya zo, tallafi ya koma waya

A 2022 babu mai cewa ba a faɗa ba. Hasashe ya fito tun kafin damina ta yi nisa, NEMA kuma ta sanar cewa an fara sakin ruwan Lagdo ranar 13 ga Satumba. Rediyo ya yi ta cewa a tashi daga bakin kogi. Tambayar da mutane suka yi ita ce, a tashi a koma ina, kuma wa zai biya motar kwasar kaya? Da yawa suka zauna har ruwa ya taɓa ƙofa.

Ma'aikatar jinƙai, wadda aka kafa a 2019 kuma Hajiya Sadiya Umar Farouq ke riƙe da ita a wancan lokacin, ta ce sama da mutum 600 suka rasu a ƙasar, sama da miliyan 1 da dubu 300 suka bar gidajensu. Ruwa ya datse hanyar Lakwaja, motocin kaya suka yi kwanaki a tsaye, har Abuja ta shiga ƙarancin mai. Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a fitar da tan 12,000 na abinci daga rumbun ƙasa. Ministan albarkatun ruwa na lokacin, Suleiman Adamu, ya shaida wa majalisa cewa mafi yawan ruwan daga damina da kogunan cikin gida ya fito, na Lagdo kaɗan ne a ciki. Ma'anar wannan a gare mu ita ce, ko an gina Dasin Hausa, Taraba da Donga da Katsina-Ala a ƙasa da ita suke shigowa, ruwansu kuma ta nan zai wuce. A jiharmu kuwa, hukuma na ɗauke da sansanonin waɗanda rikicin karkara ya raba da ƙauyukansu tun shekarun baya, don haka abin rabo ya ƙara ƙaranci.

Sabon abin da aka gani shi ne, wasu ƙungiyoyin agaji sun koma ba da kuɗi ta banki ko ta waya maimakon buhu. Wannan ya fi, domin mutum ya san abin da ya fi buƙata, ko kwanon rufi ne ko magani ko jari. Amma yana neman asusun banki, lambar BVN da aka ɓullo da ita a 2014, lambar NIN, da layin waya mai sunan mutum. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga banki ba, da matar da layinta da sunan mijinta aka yi rajista, da ɗan ci-ranin da katinsa ke gida, sun sake tsayawa a waje. Takarda ta koma na'ura, amma har yanzu wanda ke rubuce shi ke samu.

Kafin a gama share laka, ranar 26 ga Oktoba Babban Banki ya sanar da sauya fasalin naira. A farkon 2023 tsabar kuɗi ta ɓace a gari. Mai ƙaramin jarin da ya samu ya sake kasa kaya, sai ga masu saye ba kuɗi a hannu. Kaya biyu a kan wuya ɗaya.

Abin da ya rage namu

Tarihin nan ya nuna agaji hawa uku ne. Na farko ceton rai, wannan maƙwabta ke yinsa kafin kowa ya iso. Na biyu ciyarwa da makwanci, wannan hukuma da ƙungiyoyi na yi, kuma suna ƙara gogewa. Na uku mayar da mutum kan ƙafarsa, wanda ke ɗaukar shekara ko fiye. A na biyu muna rasa rabonmu saboda ba mu a rubuce. Na uku kuwa namu ne tun asali, amma muna yinsa a warwatse. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ga abin da muke ganin ya kamata, muna kuma miƙa shi ga Mai Girma Sarkin Hausawa, masu unguwanni, limamai da shugabannin kasuwa.

Na ɗaya, littafin unguwa. Kowane layi ya rubuta gidajensa da rani, tun hankali na kwance: mai gida, 'yan haya ɗaki-ɗaki, yawan yara, tsofaffi da marasa lafiya, sana'ar kowa har da ta cikin gida, da lambar waya. Malaman Islamiyya mata su shiga su rubuta na mata. Malaman allo su ba da sunayen almajiransu, shugabannin 'yan ci-rani su ba da na mutanensu. Maƙwabtanmu Tibi, Jukunawa, Idoma da Ibo da muke layi ɗaya da su, a rubuta su, domin ruwa bai ware su ba. A ajiye kwafi a tudu, a ɗauki hotonsa a waya, a sabunta duk shekara kafin watan Yuli.

Na biyu, in ruwa ya zo, a buɗe shafi na musamman ga waɗanda suka sauka a gidajen dangi da waɗanda suka sauke su. Wakilan unguwa su kai wannan ga masu rabo a ranar farko, a rubuce, da sa hannu, su riƙe nasu kwafin. A cikin wakilan a sa mata aƙalla biyu.

Na uku, asusun farfaɗowa. Kuɗi kaɗan duk mako daga 'yan kasuwa da masallatai, a banki, da masu sa hannu uku daga ɓangarori daban-daban, a karanta lissafi a bainar jama'a sau biyu a shekara. Kada a kashe shi a shinkafa, wasu za su kawo shinkafa. A ajiye shi don rance marar ruwa na mayar da jari, da yashe rijiyoyi da zuba musu maganin kashe ƙwayoyin cuta, da mayar da yara makaranta. A fara da gwauraye, marayu da waɗanda ba su da uban gida.

Na huɗu, takardu. Samarinmu masu ilimin boko su ware ranaku su raka iyaye mata da tsofaffi a yi NIN, a buɗe asusu, a gyara sunan layin waya. Kowane gida ya sa muhimman takardunsa a leda mai kauri a rataye a sama, ya kuma ɗauki hotonsu. Ɗan kasuwa ya riƙa ɗaukar hoton littafin bashinsa duk ƙarshen wata.

Na biyar, wurin zuwa. A san tun yanzu wace Islamiyya za ta ɗauki mata da yara, wane zaure zai ɗauki maza, wane sito ne a tudu zai karɓi kayan 'yan kasuwa, masu kwale-kwale da masu motar da za a kira su wane ne. In an ji sanarwar NIHSA ko NEMA, a maimaita ta a lasifikar masallaci da harshen da kowa ke ji.

Na shida yana da ɗaci, amma dole a faɗa. Kwatar da muke zuba wa shara ita ta mayar mana da ruwa ɗaki a 2017. Akwai kuma gidajen da ke zaune a kan hanyar ruwa sosai, waɗanda aka gyara sau uku suka sake nutsewa. Masu su sun san kansu. Shugabanni su nema musu fili a tudu da takardar mallaka ta gaskiya, a yi maganar da hukuma da rani, cikin mutunci, kafin ranar da za a zo da motar rusau.

A watan Satumban 2024 an sake sanar da sakin ruwan Lagdo, kowa ya kwana da ido ɗaya a kan kogi. Haka za mu riƙa yi duk shekara muddin muna nan, kuma muna nan, domin nan ne gida, nan kaburburan iyayenmu suke. Littafi da biro ba su da tsada. Layin da ya shirya ya fara nasa a wannan makon, sauran su gani su bi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a ruwan nan, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, Ya saka wa duk wanda ya miƙa hannu. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da garinmu lafiya. Amin.